"Umma, Muna Hanya": Ki Girka da Kanki, Ki Buɗe Ajiya, Ki Yi Oda, ko Ki Ari Hannu?

Ranar wata Laraba da misalin sha ɗaya da rabi, ina ofis, takardu jibge a gabana, waya ta yi ƙara. Ɗan farina ne, wanda bakina ba ya iya kiran sunansa. Muka gaisa, ya tambayi Abbansu, sannan ya ce, "Umma, ai mun baro Abuja tun ɗazu. In Allah Ya yarda kafin magariba muna gida, ni da maman yara da yaran. Zan biya Zariya in ɗauko Auta." Na ce Allah Ya kawo su lafiya, Ya tsare hanya. Ina ajiye wayar, farin ciki da fargaba suka taso mini lokaci guda. Baki biyar ke tafe a kan namu biyu. Abin da na san na bari a gida shinkafa ce rabin kwano, albasa ba ta fi uku ba, sai tukunyar gas da tun Lahadi nake jin ta yi sakayau. Tashi daga aiki kuma sai ƙarfe huɗu.

Duk macen da ke aiki a Kano, 'ya'yanta suka girma suka watsu, ta san irin wannan wayar. Ba raini ne yake hana su faɗa da wuri ba. A ransu gida gida ne, ba a neman izinin shigarsa, tukunyar uwa kuma ba ta taɓa zama wayam. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, lokacin da suke ƙanana hannaye sun yi yawa a gidan, su kansu su ne masu yankan alayyahu da kai markaɗe. Yanzu gida ya koma na mutum biyu, cefane ya koma na mutum biyu, manyan tukwane ma an kife su a sito.

A shekarun nan na gwada hanyoyi huɗu, kowacce na ga daɗinta na ga cizonta. Amma kafin ki zaɓi ɗaya, 'yar uwa, kada ki ajiye wayar sai kin ji abu uku: daga ina suka taso, kwana nawa za su yi, su wane ne a motar. Wanda ya taso daga Abuja a mota yana da tafiyar sama da kilomita 400 a gabansa, ya ba ki wuni guda ko bai sani ba. Na Kaduna, kilomita 230 ko kusa da haka, ba ki da wannan sararin. Wanda ya kira daga filin jirgin Abuja kuwa, awa ɗaya ce a sama, kafin ki rufe fayil ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano. Haka nan 'yarki da ta zo ganin gida ita kaɗai daban, wadda mijinta ya rako ta daban, domin suruki ba a miƙa masa abin da aka samu, sai an jera kuloli an kai masa falo.

Hanyar da zuciya take fara rayawa ita ce ki yi komai da kanki. Ita na bi a waccan Larabar. Na fita ƙarfe huɗu, na tsaya sayen gas, na biya wurin mai kayan miya na bakin titi, don kasuwar kayan miya ta 'Yankaba tana can kan titin Haɗeja, ni kuma gidana yana wancan ɓangaren gari, cunkoson yamma ba zai bar ni ba. Nama na samu, amma ragowar na safe ne. Injin markaɗe na tarar da layi. Biyar da rabi ta wuce kafin in shiga gida, na yi la'asar a makare, na ɗaura zani na shiga kicin. Tuwon shinkafa, miyar taushe da kabewa da gyaɗa da alayyahu, soyayyiyar kaza, zoɓo. Suka iso ana kiran magariba, na fito da muciya a hannu na rungumi jikokina, na koma. Abinci bai sauka ba sai wajen tara. Kafin nan ƙananan sun sha shayi da biskit sun yi barci.

Abincin ya yi daɗi, wannan ba ƙarya. Ɗana ya ci ya ƙara, ya ce rabonsa da irin wannan miyar tun Babbar Sallah. Amma isha'i a zaune na yi ta saboda baya da gwiwa. Ina jiyo dariyarsu daga falo, Auta tana ba da labarin makaranta, ni kuma ina gyangyaɗi a kan sallaya. Gari na wayewa na tafi aiki. Bayan Juma'a suka kama hanya. Da na zauna na ƙirga, zaman da na yi da ɗana ido da ido bai kai awa biyu ba a kwana biyu. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

To wannan hanyar ita ce ta fi arha a aljihu, ita ce kuma ta fi tsada a jiki. Tana da wurinta: idan Asabar za su iso, ko ranar Juma'a da ake tashi da wuri, ko kina hutu. Ko a nan ki duba kalanda, domin Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli ce a Kano, ba fita sai ƙarfe goma, cefanen sassafe ya faɗi ke nan. Kuma akwai abincin da ko kina da ƙarfin doki ba zai yiwu da sanarwar awa shida ba. Waina da sinasir suna son shinkafa ta jiƙu, a kai markaɗe, ƙullu ya tashi. Funkaso da alkubus suna son a kwaɓa a rufe a jira. Ƙullu ba ya jin cewa baƙi sun iso Kwanar Dangora. Wanda ya matsa masa, waina mai nauyi zai toya.

Akwai kuma masu cewa ki nemi izini a wurin aiki ki fita da azahar. Sau ɗaya, sau biyu, za a ba ki. Amma malamar makaranta mai aji a hannu, ko ma'aikaciyar jinya da ke kan aiki, ko mai shago a Kwari ranar da baƙin 'yan kasuwa suka cika layi, ba su da wannan damar. Ko mai damar ma, gara ta adana alfarmar don ranar haihuwa ko rashin lafiya, ranar da babu makawa.

Hanya ta biyu ita ce ajiya, kuma a nan zan daɗe, don ita ce ta canja mini rayuwa, ita ce kuma aka fi yin kuskure a cikinta. Da an ce ajiya sai hankali ya tafi kan firiza. Firiza tana da amfani ƙwarai, amma a garin da wuta take zuwa ta tafi ba sallama, dole ki san iyakarta. Abin da masana lafiyar abinci suka tsayar shi ne, firizar da ta cika maƙil kuma ta daskare, idan ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kamar awa 48 bayan an ɗauke wuta. Wadda take rabi, awa 24. Firij kuwa, ɓangaren da ba ya ƙanƙara, awa 4 kacal. Wannan ya sa nake cike gurbin da ya rage a tawa da robobin ruwa. Idan suka zama ƙanƙara su ne suke gadin miyar. Mai sola ko janareto mai ƙarfi ta fi samun kwanciyar hankali, amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kunna janareto domin firiza kaɗai ya zama abin da sai an yi lissafi.

Me ake sakawa? Ba dafaffen abinci gaba ɗaya ba. Wannan shi ne kuskuren da na fara yi. Tuwon da ya daskare ya narke yakan saki ruwa ya ɓarɓashe, ko ɗumame ba ya yin kyau da shi. Miyar kuɓewa ɗanya yauƙinta yakan mutu. Miyar kuka da aka riga aka kaɗa takan tsinke. Abin da yake jure sanyi shi ne tushen girki, wato abin da ke cin lokaci. Markaɗen tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, a tafasa har ruwan ya ƙone, a soya da mai, a raba a ƙananan robobi daidai girki ɗaya ɗaya. Nama, a tafasa shi da albasa da kayan ƙamshi, a ajiye tsokar daban, romon daban. Kaza haka. Ki manna takarda ki rubuta kwanan wata. Ƙananan robobi nake nanatawa, domin babbar roba guda idan kika narkar da ita kika ɗebi rabi kika mayar, kin buɗe wa lalacewa ƙofa. Kasuwar Ƙofar Wambai cike take da irinsu, masu murfi mai kamawa.

Da waɗannan biyun, soyayyen markaɗe da tafasasshen nama, kin riga kin ci rabin tafiya. Roba ɗaya ta zama miyar dage-dage a kan farar shinkafa ko taliya. Wata ta shiga dafa-duka. Romo da daddawa da ɗan markaɗe su tafasa, ki ɗauko maburgi ki kaɗa kuka, cikin minti ashirin miya ta haɗu, ƙamshinta sabo fil, ba wanda zai ce daga firiza ta fito, don a gaskiya kukar yanzu aka kaɗa ta. Lokacin yin wannan ajiyar shi ne sanyin hunturu zuwa farkon bazara, sa'ad da tumatirin rani na su Kadawa da Kura yake cika 'Yankaba, kwando yana araha. Da damina ta kusa, farashinsa sai ya tashi sama.

Amma ajiyar da na fi dogara da ita ba ta buƙatar wuta ko kaɗan, kuma iyayenmu ne suka bar mana ita. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kauɗar tumatir, busasshen tattasai, busasshen kifi, garin tuwo, dakakken yaji, man gyaɗa. Surfaffen wake da aka shanya ya bushe, ki jiƙa ki niƙa ya zama ƙosai ko alala. Garin ɗanwake da aka riga aka haɗa, rogo da wake da kuka, jiran ruwan kanwa kawai yake yi, kafin rabin awa an tsame an zuba mai da yaji. Naman da aka soya ya bushe ƙarau irin na layya, da dambun nama, suna daɗewa a mazubi mai murfi matuƙar ruwa bai taɓa su ba. Duk ranar da aka yi kwana uku ba wuta, matan da suka jingina da firiza kaɗai sukan zubar da miya suna takaici, kantar busassun kayanki kuwa tana nan yadda kika bar ta. Idan za ki zaɓi ɗaya tsakanin ajiyar sanyi da ajiyar bushewa a Kano, ni ta bushewa zan ce ki fara ginawa, firiza ta zama ƙari.

Cizon wannan hanyar biyu ne. Na farko, tana cin Asabar guda a wata, da kuɗi a dunƙule, a lokacin da babu baƙon da ya ce zai zo. Sai mai haƙuri. Na biyu, lafiya. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba tare da yana kan wuta ko cikin sanyi ba, kuma idan zafi ya haura digiri 32, awa 1 ce. A watan Afrilu Kano tana taɓa digiri 40. Shinkafa tana da haɗari ƙwarai, domin akwai ƙwayar cutar da tafasa ba ta kashe ta, idan shinkafar ta huce ta zauna a ɗumi sai ta farfaɗo ta zuba guba, kuma sake ɗumamawa ba ya kawar da gubar. Don haka idan kika buɗe firiza bayan doguwar ɗaukewar wuta, ki taɓa. Abin da har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa lafiya lau. Abin da ya narke ya yi ɗumi, kada ki tsaya shinshinawa, hanci ba ya jin komai da komai. Asarar roba guda ta fi kwana a asibiti da jika.

Hanya ta uku ita ce saye. Mu matan da muka taso a wancan zamanin muna jin nauyinta, kamar abin kunya ne ɗanka ya zo gida ka ciyar da shi abincin kasuwa. Na daɗe da wannan tunanin kafin in gane cewa akwai abincin da asalinsa ma na saye ne, kuma shi yaran suke kewa. Wace uwa ce take gasa tsire a gida? Gurasa, tun muna yara daga hannun masu yin ta ake karɓowa, Jakara ta yi suna a kanta. Ɗan da ya shekara a Legas, ki ajiye masa bandashe da ƙuli da albasa da tumatir, ko gurasa da tsire mai zafi a takarda, ko balangu, ko fura da nono mai sanyi, ba zai ji an rage masa komai ba. Wainar da ba za ki iya tayar da ƙullunta ba, akwai mai tanda a unguwarku da ta shekara ashirin tana yi, aika mata da kwano tun da rana. Wannan sayen ba gazawa ba ne, Kano ce kike zuba musu a faranti.

Inda saye yake ba da kunya shi ne idan aka sayo abin da ya kamata ya fito daga hannunki. Tuwo da miyar gidan abinci, loma ɗaya ɗanki zai yi ya ɗago kai. Ba zai ce komai ba, amma ya gane. Daddawar ba taki ba ce, gishirin ba naki ba ne.

Sai kuma masu girki na oda da suka cika WhatsApp da Instagram. A cikinsu akwai ƙwararru masu tsafta da cika alkawari, mata ne irinmu da ke neman halak ɗinsu. Amma yawancinsu suna son a faɗa musu tun jiya, domin su ma sai sun shiga kasuwa. Odar gaggawa takan zo da ƙarin kuɗi, ga kuɗin kawowa, wanda shi ma ya tashi da tashin mai. Ni na taɓa ƙonewa. Wata rana 'yata ta kira da azahar cewa suna tafe da mijinta, na tura kuɗi ga wata mai girki da aka yaba mini, soyayyiyar shinkafa da kaza da haɗin kabeji, aka ce ƙarfe shida. Shida ta yi, bakwai ta yi, ana ce mini ɗan aike yana hanya. Sai bayan isha'i adaidaita sahu ya tsaya a ƙofar gida. Ina buɗe kular, tsami ya bugi hancina. Kabejin da aka zuba wa mayonis ya kwanta, shinkafar ta fara yauƙi. Surukina yana falo tun magariba da ruwa da lemo kawai a gabansa. Daren nan taliya da ƙwai na dafa masa, fuskata kamar in nutse. Tun daga ranar na kafa wa kaina ƙa'ida: ba na gwada sabuwar mai girki a ranar baƙi. Wadda zan kira sai wadda na taɓa cin abincinta a ranar da ba kowa, sai wadda take kusa da unguwarmu yadda zan iya aikawa a karɓo, kuma a lokacin zafi ba na odar duk abin da aka haɗa da mayonis.

A kuɗi, oda ita ce mafi tsada nesa ba kusa ba. Dare ɗaya za a iya jurewa. Kwana uku, safe da rana da dare, ga baki bakwai, albashi zai ji a jikinsa.

Hanya ta huɗu aron hannu. Maƙwabciyar da kuka saba, ƙanwarki da ba ta fita aiki, ko mai aikatau da kika yarda da ita. Ki kira daga ofis, ki tura kuɗin cefane, ki ce a tafasa nama, a kai markaɗe, a wanke shinkafa. Kada ki ce "a yi abinci" kawai, ki faɗi kwano nawa, mutum nawa, attaruhu kaɗan saboda yara. Na fi son a yi mini aikin wahalar a bar mini haɗawar, don ɗanɗanon ya zama nawa. Ki dai sani wannan bashi ne na zumunci, ranar sunan gidansu ko bikinsu ke ma za ki ɗaura zani. Mai aikatau kuma a sallame ta da abin da ya fi na kullum, a zuba mata nata ta kai gida, don gaggawarki ta katse mata nata shirin.

Hannun da muka fi mantawa da shi kuwa shi ne na masu zuwan. Mutum ya kai shekara talatin, yana riƙe da gida, amma muna kallonsa kamar ɗan firamare. Mai shigowa Kano ta titin Zariya dole ya wuce Na'ibawa, kasuwar 'ya'yan itace ta 'Yan Lemo tana nan a bakin hanyarsa. Me zai hana ki ce, "Idan kun iso ku tsaya ku sayo kankana da ayaba da lemo"? Wani ki ce ya biya wurin mai tsire. Ranar da na fara yin haka, muryata har rawa take yi don nauyi. Ɗana ya ce, "Haba Umma, ai da tuni kike faɗa." Ya shigo da ledoji niƙi-niƙi yana murna kamar an ba shi sarauta. Auta kuwa tana sauke jaka take shiga kicin, kuma hirar da muka fi yi mai daɗi a nan muke yin ta, tana yanka albasa ina tuƙa tuwo. Maganar da ba za ta faɗa a falo gaban Abbanta ba, a bakin murhu take fitowa.

Suruka ce sai an yi hattara. Daren da ta iso da gajiyar hanya da yara a jiki, ba na barin ta ta taɓa ko cokali. Washegari da kanta za ta leƙo ta ce, "Umma, kawo in taya ki." A nan kuma kada ki hana ta. Hanawar takan sa ta ji har yanzu baƙuwa ce. Ki ba ta abin da ta iya, ki yaba, kada ki tsaya a kanta kina gyara mata gishiri.

To wacce za ki ɗauka? Ni dai ga inda na tsaya bayan duk wannan. Babu ɗaya daga cikin huɗun da take isa ita kaɗai, kuma wadda ta fi cutar da ni ita ce ta farko, duk da ita ce ta fi kama da soyayya. Abin da yaro yake tahowa nema daga nesa tukunya ɗaya ce daga hannunki, wadda ya sani tun yana goye, sai kuma ke kanki a zaune kusa da shi lokacin da yake ci. Ban ga ɗan da ya taɓa ƙirga kuloli ba. Saboda haka tukunya ɗaya nake yi, kuma na san ta kowa: babban miyar kuka da man shanu, 'yata ɗanwake, Auta shinkafa da wake da mai da yaji. Duk ukun daga kantar busassun kaya suke fitowa, babu wanda ya kai awa ɗaya da rabi idan akwai tafasasshen nama a ajiye. Abin da ya rage, nama ne, abin sha ne, karin safe ne, a saya ko a aika.

Idan sanarwar awa uku ce ko ƙasa, kuma ranar aiki ce, kada ki ma gwada kasuwa. Gurasa da tsire da fura su tare daren, ki ce musu gobe akwai tuwo, ki jiƙa abin da za ki jiƙa kafin ki kwanta. Idan wuni guda kika samu, ki kira mai taya ki ta sauke robobi biyu daga firiza zuwa firij su narke a hankali, ke kuma ki dawo ki tuƙa tuwo ki kaɗa miya. Idan da suruki a tafiyar, a nan ne ya dace a ƙara kashe kuɗi: tukunyarki ɗaya, gasasshiyar kaza daga wurin da kika sani, 'ya'yan itace, a jera a tire yadda ya kamata. Idan kuma kwanaki za su yi, daren farko kaɗai ne naki. Daga rana ta biyu gida ya koma yadda yake da, kowa da aikinsa, abincin rana su yi da kansu kina ofis, ki nuna musu inda komai yake. Wadda ba ta da firiza ko tsayayyiyar wuta ba ta rasa komai ba illa naman ajiya, shi ma busasshen kifi ko soyayyen nama ya toshe gurbinsa.

Na kuma yi musu magana, ba da faɗa ba. Na ce, "Gidanku ne, ko tsakar dare kuka zo ƙofa a buɗe take. Amma idan kun san tun jiya za ku taho, ku faɗa mini tun jiya, don in samu in zauna da ku." Biyu sun gyara. Babban har yanzu sai ya wuce Kaduna yake tunawa.

Zuwansu na baya-bayan nan ma ranar Talata ce, kiran ya shigo ana azahar. Na ce ya tsaya a 'Yan Lemo, na aika wa mai waina da kwano saboda safe, na kira ƙanwata ta sauke mini romo da nama. Biyar da kwata na shiga gida. Kafin a kira magariba tuwo yana cikin kula a mulmule, romo yana tafasa da daddawa. Da suka shigo, babbar jikata ta biyo ni kicin, na ɗora ta a kan kujera 'yar tsugune, na riƙe hannunta a kan maburgi muna murzawa tare ina barbaɗa kuka da ɗaya hannun. Bakwai da rabi muna kan tabarma gaba ɗaya, har Abbansu. Robobin markaɗe biyu suka rage mini a firiza, daddawa ma ta kusa ƙarewa, Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu sai 'Yankaba.